Madarar Lanarkshire da Amfanin Ƙuri'a a Binciken Ilmi

Sau da yawa akan ji shugaban makaranta yana cewa ɗaliban da suke zuwa darasin yamma sun fi sauran cin jarrabawa, saboda haka darasin yamma yana da amfani. Mai yiwuwa ne maganarsa gaskiya ce, amma alƙalumansa ba su tabbatar da ita ba. Su wane ne suke zuwa darasin? Galibi yaran da iyayensu suke iya biya, waɗanda ba a ɗora musu talla, waɗanda tun asali suke da himma. Irin waɗannan, ko da darasin ko babu, su ne za su fito a gaba. Babbar matsalar binciken ilmi ke nan: yadda za a samu rukuni biyu na ɗalibai masu kama da juna ta kowace fuska, sai dai a abu guda da ake son aunawa.

Maganin wannan matsala daga gona ya fito. A shekarar 1919 Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken aikin gona ta Rothamsted da ke Ingila, inda ake gwada taki iri-iri. Duk manomi ya san gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Wani gefen jigawa ne, wani kuma yana riƙe ruwa. Idan mai gwaji ne ya zaɓi inda zai zuba taki, ba za a san ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ba. Fisher ya ce a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a bar ƙuri'a ta zaɓi yankin da zai samu taki. Ƙuri'a ba ta da ɗan gida, don haka ƙasa mai kyau da marar kyau za su rarrabu a ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida.

Abin da ke faruwa idan aka yi wa wannan ƙa'ida sakaci ya bayyana a gundumar Lanarkshire ta ƙasar Sikotilan a shekarar 1930. Hukuma ta so ta san ko shan madara a makaranta yana ƙara wa yara girma. Aka ɗauki yara 20,000. Daga Fabrairu zuwa Yuni, yara 5,000 suna shan ɗanyar madara kowace rana, wasu 5,000 suna shan wadda aka ɗumama don kashe ƙwayoyin cuta, kowane yaro ƙasa da rabin lita kaɗan. Sauran 10,000 ba a ba su ba, domin da su za a kwatanta. Aka auna tsawo da nauyin kowa a farko da ƙarshe.

An raba yaran ta ƙuri'a ko ta jerin haruffan sunayensu, sai dai an ba malamai damar musanya yara idan suka ga rabon bai daidaita ba. Nan gizo ke saƙa. Malamin da yake ganin yaro ramamme a gabansa kullum, ga madara kyauta, ina zai saka shi? Tausayi ya yi aikinsa, kuma ba wanda zai ga laifin malaman. Amma da aka duba awon farko, sai aka tarar yaran da ba a ba madara ba sun riga sun fi masu sha tsawo da nauyi tun kafin a buɗe kwalba ɗaya.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Da tufafinsu aka auna yaran. A watan Fabrairu ana tsananin sanyi a ƙasar, 'ya'yan masu hali suna cikin tufafi masu kauri. A watan Yuni kuwa sun koma marasa nauyi. 'Ya'yan talakawa ba su da wani canji mai yawa. Tun da masu hali sun fi yawa a rukunin da bai sha madara ba, nauyin tufafin da suka rage ya sa ƙaruwarsu ta yi kamar ƙarama, amfanin madara kuma ya yi kamar ya fi yadda yake. Bugu da ƙari, kowace makaranta iri ɗaya na madara ta samu, ko ɗanya ko ɗumamammiya, don haka ba a iya raba bambancin madara da bambancin makarantu.

A 1931 masanin ƙididdiga William Gosset, wanda yake rubutu da laƙabin "Student", ya fayyace waɗannan kurakurai. Bai musa cewa madara tana gina jiki ba. Abin da ya ce shi ne gwajin bai iya nuna gwargwadon amfanin ba. Game da kwatanta madarar iri biyu, ya nuna cewa tagwaye masu kama ɗaya, ƙafa 50 kacal, a ba ɗaya wannan a ba ɗaya waccan, da sun ba da amsa mafi inganci da kuɗi kaɗan. Yawan adadi yana rage kuskuren da dace ke kawowa, kamar yadda kwabon da aka jefa sau goma zai iya faɗowa kan fuska ɗaya sau bakwai, amma a jifa dubu da wuya ya yi nisa da rabi. Sai dai yawan ba ya gyara karkataccen rabo. Sikelin da ya karkace, ko sau dubu aka hau shi, ƙarya ɗaya zai riƙa maimaitawa.

An yi aiki da wannan darasi a jihar Tenesi ta Amurka daga 1985 zuwa 1989, a wani gwaji mai suna STAR kan yawan yara a aji. Makarantu 79 da yara kimanin 11,600 suka shiga. A cikin kowace makaranta, ƙuri'a ce ta tura yara, har da malamansu, zuwa ƙaramin aji mai yara 13 zuwa 17, ko aji mai 22 zuwa 25, ko irin wannan babban ajin tare da mataimakin malami. Yaran ƙananan azuzuwa suka fi a karatu da lissafi, musamman baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa, mataimakin malami kuwa bai kawo wani bambanci a zo a gani ba. Malamin da yake da yara 90 a ajinsa ya kamata ya yi hattara da wannan sakamako, domin gwajin bai taɓa aji irin nasa ba.

Gwajin da ya fi kusa da halin makarantun Nijeriya da Nijar shi ne wanda Michael Kremer da abokan aikinsa suka yi a yammacin Kenya. Daga cikin makarantun firamare 100, an ba 25 littattafan karatu a 1996, sauran suka jira nasu lokacin. Kowa ya ɗauka sakamakon a bayyane yake, domin ƙididdigar baya ta nuna masu littafi sun fi cin jarrabawa. Amma matsakaicin makin yara bai tashi ba. Da aka rarraba alƙaluman, sai aka ga yaran da tun da farko suke kan gaba ne kaɗai suka ƙaru. Littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma da yawa daga cikinsu ba sa iya karanta su. Irin waɗannan gwaje-gwaje ne suka sa aka ba Kremer, tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, lambar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2019.