Ibnu Nafis da Hanyar Jini Tsakanin Zuciya da Huhu

Idan aka yi maganar zagayawar jini a jikin ɗan Adam, sunan da aka fi ambata shi ne William Harvey, likitan Ingila wanda ya wallafa littafinsa a 1628. Ya cancanci yabon. Sai dai wani ɓangare na wannan zagaye, wato tafiyar jini daga zuciya zuwa huhu da komowarsa, an riga an bayyana shi kusan shekara 400 kafin nan. Wanda ya yi wannan bayani shi ne Ibnu Nafis, wanda aka haifa kusa da Dimashƙa wajen 1213. A can ya koyi likitanci, sa'an nan ya koma Alƙahira, inda ya rasu a 1288.

A zamaninsa, maganar Galen, likitan Girka na ƙarni na 2 wanda Larabawa ke kira Jalinus, ita ce doka. Galen ya koyar da cewa bangon da ya raba ɗakin dama na zuciya da na hagu yana da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, kuma ta cikinsu ne jini ke ɗiga daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shekara dubu likitoci suna maimaita wannan, har da Ibnu Sina.

Wajen 1242 Ibnu Nafis ya rubuta sharhi a kan sashen halittar jiki na Alƙanun, babban littafin Ibnu Sina. A ciki ya ce bangon nan mai kauri ne, ba shi da rami, na gani ko na ɓoye. To, ta ina jinin ke bi ke nan? Amsarsa ita ce, daga ɗakin dama yana bin wata jijiya zuwa huhu, ya bazu a cikinsa, ya gauraya da iska, sa'an nan wata jijiyar ta dawo da shi ɗakin hagu. A lura cewa kalmar jijiya a Hausa ta haɗa mai fitar da jini daga zuciya da mai dawo da shi, don haka dole mai bayani ya faɗi inda kowacce ta nufa.

Ya ƙara da cewa lallai akwai ƙananan hanyoyi da suka haɗa jijiyoyin biyu a cikin huhu. Wannan hasashe ne na mai kaifin basira, domin sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya ga waɗannan hanyoyi da madubin ƙara girma, a huhun kwaɗo. Abin da Ibnu Nafis bai kai gare shi ba shi ne babban zagayen da ya game jiki duka. Wannan rabon Harvey ne.

A Turai, Michael Servetus ya yi irin wannan bayani a 1553, Realdo Colombo kuma a 1559, amma likitocin can ba su riƙe sunan Ibnu Nafis ba. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar mai karatu a Jamus, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da rubutun sharhin a wani ɗakin karatu a Balin, ya gina kundin digirinsa a kai. A shekarun 1930 Max Meyerhof, likitan ido da ke zaune a Alƙahira, ya fassara sassan da suka shafi huhu, daga nan masana tarihin likitanci suka fara ambaton sunansa.