Ciwon Asma da Aikin Ƙarfi: Yadda Za Mu Kare Numfashinmu

A Unguwar Boro da Sabon Tasha, da ƙauyukan da ke kan hanyar Kachia, yawancin magidanta a waje suke neman abinci. Akwai birkiloli da leburorinsu, masu buga bulo, masu fasa dutse, masu ɗiban yashi a bakin kogi, masu walda, kafintoci, 'yan acaɓa da manoma. Duk ranar da mutum bai fita ba, babu kuɗin cefane. Saboda haka idan numfashi ya fara ba magidanci wahala, damuwar ta dukan gida ce. Da yawa suna ɓoye ciwon don kada mai aiki ya sallame su. A nan za mu duba mene ne asma, abin da ke tayar da ita a wurin aiki, da yadda mai ita zai ci gaba da sana'arsa.

Mene ne asma?

Iska tana shiga huhu ta ƙananan hanyoyi masu rassa kamar na itace. A jikin mai asma, cikin hanyoyin nan yana da kumburi, kuma abu kaɗan yana fusata shi. Idan ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya shiga, naman da ke kewaye da hanyoyin sai ya matse, kumburin ya ƙaru, majina ta taru. Sai mutum ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, yana tari, numfashinsa yana ƙara kamar fito. Yakan fi tsanani da dare da kuma asuba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutane miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta kashe mutane 455,000 a wannan shekara. Yawancin waɗanda suka mutu a ƙasashe matalauta suke, inda magani ke da wuyar samu. Asma ba ciwon yara kaɗai ba ne. Tana iya farawa bayan mutum ya girma, kuma kusan ɗaya cikin shida na waɗanda ta kama da girmansu, aikin da suke yi ne sanadi.

Ba a ɗaukar asma daga wani. Ba jifa ba ce, ba kuwa maita ba. Takan bi jini a wasu iyalai. Ba a warkar da ita gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da ita har mutum ya yi shekaru yana aikinsa lafiya. David Beckham, ɗan ƙwallon Ingila, da asma ya yi dukan wasansa.

Asma dabam, tarin fuka dabam

Ba kowace wahalar numfashi ce asma ba. Kafin a fara sayen magani, ya kamata ma'aikacin lafiya ya duba mutum.

• Tarin fuka, wato tibi: tari na mako biyu ko fiye, zazzaɓi, gumin dare, rama, wani lokaci jini a majina. Wannan ana ɗaukarsa daga wani. Gwajin majina da maganinsa kyauta ne a asibitocin da gwamnati ta amince da su, kuma ana shan maganin wata shida.
• Ciwon ƙurar dutse: ƙurar da ke tashi wurin fasa dutse tana yi wa huhu tabo a hankali cikin shekaru. Tabon ba ya gogewa, kuma yana sa tibi ya fi saurin kama mutum.
• Ciwon zuciya: haki tare da kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai an jingina.
• Huhun da taba ko hayaƙin itace ya lalata: haki na kullum wanda ke ƙaruwa shekara bayan shekara.

A kudancin Kaduna ana iya zuwa babban asibitin Sabon Tasha, ko asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Idan ana bukatar likitan ƙirji, akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya.

Abubuwan da ke tayar da ita

Hunturu shi ne lokaci mafi wuya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura mai laushi daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta haɗa da sanyin asuba da busasshiyar iska. A lokacin ne kuma ake ƙona daji da shara, ake sussukar masara da dawa.

A wurin aiki akwai ƙurar siminti, garin katako, hayaƙin walda, fentin mota na fesawa, ƙaiƙayin hatsi, ƙurar ɗakin kaji, maganin feshi na gona, hayaƙin manyan motoci da na tayar da aka ƙona. A gida kuma akwai hayaƙin itace, janareta, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya, turare mai ƙarfi, kyankyasai, da ɗaki mai laima. Mura ma takan tayar da ita.

Akwai wani abu da ya shafi masu aikin ƙarfi musamman. Bayan aiki mutane da yawa sukan sayi maganin ciwon jiki a kemis. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna tayar da asma mai tsanani a jikin wasu. Wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya ɗaure bayan ya sha ɗaya daga cikinsu, ya bar su duka, ya yi amfani da farasitamol. Wasu magungunan hawan jini, kamar propranolol, su ma suna matse hanyoyin iska. Don haka a riƙa gaya wa likita cewa ana da asma.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko aiki ne ke kawo ciwon. A sami ƙaramin littafi, a rubuta ranakun da numfashi ya yi wuya har mako huɗu. Idan ana samun sauƙi ranar Lahadi ko lokacin da aka je ƙauye hutun Kirsimeti, ciwon kuma ya dawo da an koma aiki, a kai wa likita littafin nan.

Magani iri biyu

Maganin asma mafi kyau shi ne na shaƙa, wanda ake kira inhela, domin yana zuwa huhu kai tsaye. Iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko mai buɗe hanya ne, wato salbutamol. Yawanci shuɗi ne, mutane kuma sun fi saninsa da sunan Ventolin. Yana sassauta hanyoyin iska cikin 'yan mintoci, aikinsa yana kai kamar awa huɗu. Amma ba ya taɓa kumburin.

Na biyu mai rigakafi ne, kamar beclometasone ko budesonide. Shi ne ke rage kumburin. Ana shaƙarsa yadda likita ya tsara, ko da ana jin lafiya, kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin a ga amfaninsa. Bayan an shaƙa a kurkure baki a zubar. Akwai kuma wanda ya haɗa budesonide da formoterol a gwangwani ɗaya, yana yin aikin biyu.

Shekaru da yawa an saba ba mutane shuɗin kaɗai. Tun shekara ta 2019, ƙungiyar GINA, wadda ke tsara wa likitocin duniya ƙa'idar maganin asma, ta daina ba da shawarar haka ga manya. Dalili shi ne, shuɗin yana ɓoye ciwon alhali kumburin yana ci gaba. Wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi.

Alamun cewa asma ba ta kwanta ba su ne: tana damun mutum fiye da sau biyu a mako, tana tashe shi da dare, ko tana hana shi aiki. Mai irin wannan ya koma asibiti ya yi tambaya a kan mai rigakafi.

Wasu suna tsoron inhela, suna cewa wanda ya fara ba ya bari, ko kuwa sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba da ita. Ba haka ba ne. Maganin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai idan an gwada da ƙwaya. Abin tsoro shi ne shan prednisolone ko dexamethasone wata da watanni ba da umarnin likita ba. Suna kawo ciwon sukari, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Mace mai ciki ma kada ta bar inhelarta, gama rashin iska ya fi cutar da jariri.

Kuɗin inhela ya hau sosai tun 2023, lokacin da kamfanin GSK mai yin Ventolin ya daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, darajar naira kuma ta faɗi. Akwai salbutamol na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a biya.

Gorar shaƙa

Mutane da yawa suna fesa maganin a harshe, bai kai huhu ba. Gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita tana gyara wannan. Likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka buga sakamakon a 1999, cewa tana aiki kamar wadda ake saya.

1. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge.
2. A huda gindinta daidai girman bakin inhela, a cusa shi ya zauna daram.
3. A girgiza inhela, a sa bakin gorar a baki, a rufe leɓɓa.
4. A matsa sau ɗaya, a ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar.
5. Idan ana bukatar ƙari, a sake girgizawa a maimaita.

A wurin aiki

• Inhela ta kasance a aljihu kullum. Kada a bar ta a rana ko kusa da injin mai zafi.
• A yayyafa ruwa kafin shara, yankan bulo ko fasa dutse.
• A tsaya ta inda iska ke fitowa lokacin juye siminti, shiƙar hatsi ko feshi, don ta kwashe ƙurar gaba.
• A sa takunkumi mai lamba N95 wanda ya kama fuska sosai. Ƙyalle yana ɗumama iskar asuba, amma ba ya tare ƙura mai laushi.
• A fara aiki a hankali na minti goma kafin a ɗauki kaya masu nauyi. Idan aikin ƙarfi ne ke tayar da ciwon, likita yana iya cewa a shaƙi magani minti 15 kafin a fara.
• Ranar da hazo ya yi kauri, a yi musanyar aiki da abokin aiki, a ɗauki wanda ba shi da ƙura.
• A cire kayan aiki a waje, a yi wanka kafin a shiga ɗakin kwana.
• A bar taba, wiwi da shisha.

Idan likita ya tabbatar cewa wani abu a wurin aiki, kamar fentin fesawa, shi ne ya haddasa ciwon, takunkumi kaɗai ba zai isa ba. Gara a koma wani ɓangare na sana'ar da wuri, domin wanda ya daɗe yana shaƙar abin, ciwon yakan zauna masa ko bayan ya bari.

Idan ciwon ya tashi

A fitar da mutumin daga ƙura, a zaunar da shi a miƙe. Kada a kwantar da shi, kada a taru a kansa, kada a ɗura masa ruwa, manja ko jiƙo, kada kuma a yi masa hayaƙi. A ba shi shuɗiyar inhela ta gora, fesa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa goma idan akwai bukata.

A tafi asibiti nan da nan idan ba ya iya gama magana sai ya tsaya, leɓɓansa ko harshensa sun canja launi, ya fara gyangyaɗi ko ruɗewa, ko kuwa maganin bai taimaka ba. A hanya a maimaita fesawar kowane minti 20. Idan ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana fama, wannan ba sauƙi ba ne, iska ce ta kasa shiga. Ko ya warware a wurin aiki, ya ga ma'aikacin lafiya cikin kwana biyu.

Abin da za mu iya yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya gayyatar nas ta nuna yadda ake shaƙar inhela da yin gora. Masu adashi suna iya ware wani abu don sayen maganin rigakafi kafin hunturu ya shigo. Waɗanda ke ɗaukar leburori a cikinmu su tanadi ruwan yayyafi da takunkumi, kada kuma su kori mutum don ya faɗi gaskiyar ciwonsa. Masu sharar majami'a su yayyafa ruwa, a kuma ajiye janareta nesa da taga. Talata ta farko a watan Mayu ita ce Ranar Asma ta Duniya, lokaci ne mai kyau na yin wannan koyarwa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Waɗanne ayyuka ne a ƙauyenmu suka fi tayar da ƙura da hayaƙi? Me za mu iya canjawa ba tare da kashe kuɗi ba?
2. Me mutanenmu ke faɗi a kan asma da inhela? Wanne ne gaskiya?
3. Idan ciwon wani ya tashi da tsakar dare, wa zai kai shi asibiti, da wace mota ko babur?
4. Ina ne wuri mafi kusa da mu da ake gwajin tibi?