Ƙarfen Dalma Na Aljihu Ya Raba Masu Gyara Da Jiran Wuta A Agege

Duk wanda ya san tarihin zaman Hausawa a Ikko ya san goro da jirgin ƙasa ne suka raya Zangon Agege. Tun lokacin da hanyar jirgi ta tashi daga Ikko ta isa Ibadan cikin 1901, sa'an nan ta kai Kano cikin 1911, fatake suka riƙa sauka a tashar Agege suna sayen goro, suna ɗaure shi huhu-huhu suna aikawa Arewa. A bayan 'yan goro sai ga mahauta da dillalan dabbobi da maɗinka da masu canjin kuɗi, har wurin ya zama gari guda mai sarkinsa da limamansa. Kowane zamani kuwa da sana'ar da yake kawowa. Tun daga 2001, shekarar da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a ƙasar nan, samari da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago suka kama gyaran salula da rediyo da tocila da fitilar caji. Wannan sana'a kuwa rabinta yana rataye ne a kan wani ɗan ƙarfe guda, watau ƙarfen dalma, wanda masu gyara suke kira soldarin.

Aikin dalma tsohon abu ne

Haɗa ƙarfe da ƙarfe ta hanyar narka wani mai taushi a tsakaninsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeran fari na Kano sun daɗe suna yin haka wajen ƙera zobe da awarwaro da kayan doki, kuma kalmar nan sinadari, wadda yau ake amfani da ita ga kowane irin haɗi, tun asali sunan abin da ake liƙe ƙarfe da shi ne. Masu gyaran rediyo na farko ma a garwashi ko a kan risho suke ɗora ƙarfensu, in ya yi zafi su ɗauko su yi liƙi ɗaya ko biyu, ya huce su mayar.

Dalmar da ake gyaran kayan lantarki da ita haɗi ce ta kuza da dalma, galibi kashi 60 na kuza da kashi 40 na dalma. Tana fara narkewa ne idan zafi ya kai digiri 183 a ma'aunin santigiret. Akwai kuma wata sabuwa wadda ba dalma a cikinta, wadda masana'antu suka koma wa tun da ƙasashen Turai suka hana sa dalma a yawancin kayan lantarki cikin 2006. Ita sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa. Saboda haka mai gyara yana bukatar bakin ƙarfensa ya tsaya tsakanin digiri 300 da 350, don aiki ya kama cikin daƙiƙa biyu ko uku ba tare da ya ƙona abin da ke kewaye ba.

Wuta ita ce uwar matsala

Ƙarfen dalma da kowa ya saba da shi na jikin bango ne, mai cin wat 30 zuwa 60, kuma yakan ɗauki 'yan mintoci kafin ya yi zafi. Ba shi da laifi sai guda ɗaya: in ba wuta, ba aiki. Hukumar NEPA da aka kafa cikin 1972 ta zama PHCN cikin 2005, aka sayar da kamfanonin raba wuta ga 'yan kasuwa cikin 2013, Agege ta faɗa hannun Ikeja Electric, amma har yanzu mai gyara ba ya iya yi wa mai kaya alkawarin sa'ar da zai gama masa aiki. Cikin Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga unguwannin da aka sa a rukunin farko, masu samun awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni. Wanda ke samun wuta yana kuka da tsada, wanda ba ya samu yana kuka da duhu.

Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce tayar da ƙaramin janareta. To, amma a duba lissafin. Injin da ke iya ba da wat 600 ko fiye shi ake tayarwa don a zafafa ƙarfe mai cin wat 40, kamar wanda ya yanka sa don ya sami romon kofi guda. Da can man fetur yana da araha, ba a damu ba. Amma daga ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita da ba ta kai naira 200 ba ta yi tsalle zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ladan liƙa waya guda a cikin rediyo bai isa ya biya man da aka ƙona ba.

Mutanen Arewa ba sa bukatar a ba su labari. Cikin Oktoban 2024, da ɓarna ta sami babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, kuma masu gyara na kasuwar Farm Centre ta Kano sun ɗanɗana abin da 'yan'uwansu na Kudu suke ɗanɗana.

Yadda sabon ƙarfen yake

Ana cikin wannan hali ne wani ɗan ƙarfe ya fara yawaita a kasuwar Computer Village ta Ikeja, wadda ke maƙwabtaka da Agege, da kuma kasuwar Alaba ta Ojo. Girmansa bai fi alƙalami ba. Ba ya neman wutar bango. Bakin USB yake da shi, irin wanda ake cajin salula da shi, saboda haka ana iya jona shi a jikin fawa-banki, ko cajar mota, ko batirin da farantin sola ya cika.

Iri biyu ne, kuma ya kamata mai saye ya bambanta su. Na farko shi ne mafi araha, wanda kuɗinsa bai kai dala 10 ba. Yana aiki da bolt 5, yana cin kimanin wat 8. Bakinsa siriri ne, don haka yana zafi cikin ƙasa da minti ɗaya. Fawa-banki na gaskiya mai lamba 10,000 yana iya riƙe shi fiye da awa uku yana kunne, alhali kuwa mai gyara ba ya barinsa kunne, sai lokacin da zai yi liƙi. Ke nan caji ɗaya ya ishe shi yini.

Na biyu yana amfani da sabon bakin nan USB-C, wanda ya fito cikin 2014, wanda kuma ke iya ɗaukar bolt 20 ko fiye. Misalinsa shi ne Pinecil, wanda kamfanin Pine64 ya fitar cikin 2020 a kan wajen dala 25, da kuma TS101 na kamfanin Miniware. Irin wannan, in ya sami caja mai ƙarfi, yana ba da wat 60 ko fiye, yana zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Yana da ɗan gilashi mai nuna yawan zafi, mai gyara ya zaɓi digirin da yake so, ƙarfen ya tsaya a nan. In an ajiye shi kuma sai ya rage wa kansa zafi, har sai an sake ɗauka.

Amfaninsa na farko a fili yake. Yawancin aikin da ake kawo wa mai gyara na bakin titi ƙarami ne: wayar sifika ta tsinke, makunnin tocila ya saki, igiyar caja ta cire, fitilar caji tana son sabuwar waya. Duk waɗannan ƙaramin ƙarfen yana yin su ba tare da an ja igiyar janareta ba. Na biyu, mai gyara ya sami ƙafa. Kayan aikinsa duka suna shiga jaka guda, sai ya tafi tashar mota ko kasuwar dabbobi ko gidan da fanka ta lalace, maimakon ya zauna jiran a kawo masa. Na uku kuwa, wanda ya fi su duka nauyi, jarin shiga sana'ar ya ragu. Tun da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja, daga 1 ga Yuni 2022, ta kuma ƙara huɗu cikin Satumba, samarin Arewa masu yawa suka rasa abin yi. Yaron da ya koyi gyara a da sai ya nemi rumfa mai wuta da janareta kafin ya tsaya da ƙafarsa. Yanzu tebur da laima da fawa-banki sun isa ya fara.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Sai dai kowa ya ce maka abu ba shi da aibi, bai gama gaya maka gaskiya ba. Mai wat 8 ba ya iya liƙa waya mai kauri, irin ta batirin mota ko ta inbata, domin jan ƙarfen da ke cikinta yana zuƙe zafin tun kafin dalma ta narke. Abin da ke faruwa sai dalmar ta dunƙule a sama ba ta kama ba, mai kaya ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo da fushi. Haka kuma ƙananan ƙwaƙwalwan da ke manne a fanel ɗin salula, waɗanda ƙafafunsu ke ƙarƙashinsu, ba a cire su sai da injin hura iska mai zafi, shi kuwa yana cin wat ɗaruruwa. Wannan aiki har yanzu na mai rumfa ne.

Akwai kuma jabu. Fawa-bankin da aka rubuta wa babbar lamba alhali cikinsa ba komai, da igiya siririya mai shanye wuta a hanya, su ne ke sa mutum ya zargi ƙarfen a banza. Mai hankali ya gwada kafin ya biya, ya kuma tabbatar ana samun bakin canji a kasuwa, gama baki shi ne ke fara cinyewa. Masana sun fi son a jona shi a fawa-banki bisa ga caja maras kyau ta bango, domin irin wannan caja takan yoyo da 'yar wuta zuwa bakin ƙarfen, ta lalata kayan da ake gyarawa.

Batun lafiya ma ba abin wasa ba ne. Hayaƙin da ke tashi lokacin liƙi na ƙaron da ke cikin dalmar ne, kuma yawan shaƙarsa yana kawo ciwon ƙirji da asma. Ita dalmar kuwa ta hannu take bi ta shiga baki. Wanda ya yini yana murza ta, sa'an nan ya ɓare goro ko ya sa hannu a tuwo bai wanke da sabulu ba, ya ci guba kaɗan-kaɗan. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara cikin 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400. Kada a riƙe dalma da haƙori, kada a bar ta inda yara ke wasa. Kada kuma a ɗora ƙarfe mai zafi a jikin batirin salula, domin yana iya kamawa da wuta.

Abin da ya rage

Araha ta kayan aiki ba ta sa mutum ya zama gwani. Wanda bai san inda cuta take ba, ƙarfen da ya fi kowane kyau ba zai hana shi ɓata kayan mutane ba, kuma sunan Hausawan Zango ne ke ɓaci in aka yawaita irin wannan. Saboda haka nauyi yana kan manyan masu gyara su karɓi yara su koyar da su sosai, yana kuma kan ƙungiyoyin 'yan kasuwa da fadar Sarkin Hausawan Agege su duba yadda za a taimaki wanda ya gama koyo da jakar kayan aiki, tun da yanzu kuɗinta ba ya gagara. Attajiran da ke raba zakka da kayan azumi kowace shekara su ma ga wata ƙofa ta buɗe musu. Buhun shinkafa yakan ƙare cikin wata guda, amma yaron da aka danƙa wa sana'a da kayan yinta ya daina zama nauyi a kan kowa. Allah ya sa masu hali su ji, ya kuma sa wa neman kowa albarka, amin.