Idan Allon Shago Ya Fara Ƙiftawa

Mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega da dare, ta Bodinga da Shagari, fitilun LED zai fi gani a shaguna. Kakarsu ita ce fitilar niyon, wadda Georges Claude ya nuna a Paris a 1910.

Ranta na hannun taransifoma, mai ɗaga wuta daga bolt 230 har zuwa 15,000. Idan allon niyon ya fara ƙiftawa, mai gyara kan kashe wuta tukuna, ya duba ko bututun gilashi ya tsage, ko ƙura da danshi na satar wuta. Sannan ya jona wata taransifomar ya gwada. In haske ya dawo, tsohuwar ce ta ƙone.

Sabuwar kuwa dole ta dace da tsawon bututun. In ta yi ƙaranci, ƙiftawar ba za ta daina ba.