Rukunin Adireshi da Rukunin Hidima a Katangar Tsaron Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, gwamnatin tarayya kuma ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗaɗen shiga a asusun bai-ɗaya ta hanyar Remita, intanet ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan aiki a manyan cibiyoyin arewacin Yobe. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, duk suna da ayyukan da ba sa tafiya sai da layi, kama daga rajistar ɗalibai har zuwa biyan kuɗi. Duk inda aka haɗa kwamfutoci da yawa aka kuma buɗe musu hanya zuwa waje, ana bukatar katangar tsaro, wadda masu sana'ar ke kira fayawol, wato na'ura ko manhajar da ke tantance saƙon da zai wuce da wanda za a tare.

A asali katangar ba ta san mutum ba, lambobi take ganewa. Kowace kwamfuta tana da adireshin IP, kamar 192.168.10.25, kowace hidima kuma tana da lambar ƙofar da take bi, daga cikin ƙofofin da aka ƙidaya daga 0 zuwa 65535: shafukan intanet masu kariya suna bin 443, neman adireshin shafi daga sunansa yana bin 53, daidaita agogo kuma 123. Saboda haka kowace doka da aka rubuta wa katangar tana faɗin inda saƙo ya fito, da inda ya nufa, da ƙofar da yake nema, sannan ta yanke hukuncin bari ko hani. Galibin na'urori daga sama zuwa ƙasa suke karanta dokokin, kuma dokar farko da ta dace da saƙon ita ce ke aiki, ko da akwai wadda ta fi ta dacewa a ƙasa.

Matsala tana fara bayyana ne idan aka zo lissafi. A ɗauka sashen kuɗi na wani asibiti yana da kwamfuta 12 da ke bukatar isa ga uwar garke 3, wato manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai, ta ƙofofi guda 4; idan aka rubuta kowace haɗuwa a layinta, za a samu layi 144, waɗanda ko mai rubuta su ba zai iya duba su ya gane inda aka yi tuntuɓen lamba ba. Maganin wannan shi ne a laƙaba wa kowane adireshi suna, a tara sunayen da aikinsu ɗaya ne a rukunin adireshi, a tara ƙofofin da ake bukata tare a rukunin hidima, sai doka guda ta wadatar: rukunin KUDI ya isa rukunin AJIYA ta rukunin BIYA. Ranar da aka sayo kwamfuta ta goma sha uku, sunanta kawai za a ƙara a rukunin, dokar kuwa ba za a taɓa ta ba. Na'urorin Cisco da FortiGate da Sophos da manhajar pfSense duk suna da wannan tsari, kowace da sunan da take kiransa. MikroTik kuwa, wadda arharta ta sa ta yaɗu a Najeriya, tana da jerin adireshi, amma ƙofofi a cikin dokar kanta ake jera su.

Sai dai rage yawan layuka ba shi ne babban amfanin rukuni a garuruwa irin Nguru da Gashuwa ba. Babban amfaninsa shi ne yana barin ma'anar aikin a bayan wanda ya yi shi. Sau da yawa mai saita katangar ɗan kwangila ne da ya zo daga Kano ko Damaturu ya gama ya koma, ko ɗan bautar ƙasa da wa'adinsa shekara guda ne, ko ma'aikaci tilo wanda zai iya tafiya ƙaro ilimi a kowane lokaci. Magajinsa idan ya tarar da dokar da ta ce 10.0.4.17 ta isa 10.0.9.2 ta ƙofa 1433, ba shi da hanyar sanin ko kwamfutar ɗakin magani ce ko ta wani da ya bar aiki tun bara, don haka sai ya ji tsoron gogewa ya ƙara tasa a kai, a haka dokoki ke taruwa har a wayi gari babu wanda ya san abin da katangar ke tarewa. Da an rubuta DAKIN-MAGANI zuwa BAYANAN-MARASA-LAFIYA, ko shugaban da bai karanci kwamfuta ba zai iya dubawa ya ce wannan daidai ne, wancan kuwa wa ya ba da izininsa. Ya fi kyau a sa suna bisa aiki maimakon sunan mai zama a teburin, a kuma guji haruffa masu ƙugiya a cikin sunan, domin wasu na'urorin ba sa jituwa da su.

Akwai kuma wani abu da ke warware wannan tsari a ɓoye, wanda yake da nasaba da yanayin wutar lantarki. A mafi yawan ofisoshi na'ura ce ke raba wa kwamfutoci adireshi na aro duk lokacin da aka kunna su, kuma inda ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ko sola sau da dama a yini, ƙaramar na'urar rabon na iya mutuwa ta tashi ta mance rabon da ta yi. A nan kwamfutar akanta na iya farkawa da sabon adireshin da ba ya cikin rukunin KUDI, wayar wani baƙo kuma ta gaji tsohon tare da izininsa. Don haka kafin a sa adireshi a rukuni wajibi ne a kafe shi ga na'urarsa, ko kuma a ware wa kowane sashe zangon adireshinsa, a sa zangon gaba ɗaya a rukunin. Hidimomin waje da adireshinsu ke yawan canzawa kuwa, gara a shigar da su da sunan shafinsu idan katangar ta yarda da haka.

Sauƙin rukuni yana tafe da hatsarinsa, domin gyara guda a cikinsa yana shafar kowace dokar da ta ambace shi, musamman idan an cusa rukuni a cikin wani rukunin. Mafi muni shi ne rukunin hidimar da ake ta ƙara wa ƙofofi duk ranar da wani ya kawo ƙorafi, har ya zama ba shi da maraba da buɗe komai ga kowa. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bi ta ƙofa 445, wadda ake raba fayiloli da ita, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Wannan ƙofa, da 3389 da ake sarrafa kwamfuta daga nesa da ita, bai kamata su shiga rukunin da ke fuskantar intanet ba, haka nan rukunin baƙi da ɗalibai bai kamata ya ga uwar garken cikin gida ba sam.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma alhakin yana wuyan cibiya ne, ba ɗan kwangila ba. Saboda haka ya kamata shugabannin asibitoci da makarantun yankin, kafin su sa hannu a takardar biyan wanda ya saita musu katanga, su nemi ya miƙa jerin rukunan a rubuce, da abin da ke cikin kowanne da dalilinsa, su kuma sa a riƙa duba jerin duk lokacin da ma'aikaci ya sauya sashe ko ya bar aiki.