Ciwon Wuyan Hannu Wajen Motsa Jiki

Ɗan'uwa, idan ka taɓa zama a Khartum ko Omdurman, ka san yadda samari ke dafa ƙasa da tafin hannu, jiki a miƙe, suna sauka suna tashi. Wasu suna shirin kokawa irin ta Nuba da aka san Haj Yusuf da ita, wasu ƙwallo, suna mafarkin Hilal ko Merrikh. Yanzu yaran ƙauye ma sun ɗauka. Abu ne mai kyau, ba ya cin ko kwabo. Amma da yawa suna ƙarewa da ciwon wuyan hannu, kuma da hannun nan ake riƙe fartanya, ake buga bulo, ake dako a kasuwa.

Ga inda ciwon yake fitowa. A wuyan hannunka akwai ƙananan ƙasusuwa 8, jere biyu, jijiyoyi sun ɗaure su. Gaɓar takan lanƙwasa baya kamar digiri 70 ba tare da wahala ba. Idan ka shimfiɗa tafi a ƙasa, ka tilasta mata kaiwa 90, sannan ka ɗora wa hannayen biyu wajen kashi biyu cikin uku na nauyinka. Mai kilo 70 ya aza kusan kilo 45 ke nan. Ba rashin ƙarfi ba ne. Lanƙwasa ce ta haɗu da nauyi.

Saboda haka maganin farko shi ne ka miƙar da gaɓar. Dunƙule hannu, ka dafa a kan tabarma ninki biyu ko tsohon bargo, bayan hannu da sangali su zama layi ɗaya. Ko ka sami gajerun itatuwa biyu masu kauri, waɗanda ba sa mirginawa, ka riƙe su. Idan da tafi kake so, naɗe tsumma ka sa ƙarƙashin gindin tafin, ka buɗe yatsu, ka danna ƙasa da su duka. Hannu ya tsaya daidai ƙarƙashin kafaɗa. Kada ka yi a kan yashi mai laushi, domin gindin tafi yakan nutse, lanƙwasar ta ƙaru.

Sabon shiga ya fara da bango, sai benci, sai ƙasa da gwiwoyi a durƙushe. Durƙuson yana rage nauyin zuwa kamar rabin nauyin jikinka. Na san samari suna jin kunyarsa, amma tsoka takan yi ƙarfi cikin 'yan makonni, jijiya kuwa sai ta ɗauki watanni. Kafin ka fara, jujjuya hannun na minti biyu. Wanda ya wuni yana sassabe ya bari sai gobe.

In ciwo ya zo, tsaya. Huta kwana uku zuwa mako, kana ɗora tsumma mai ruwan sanyi. Farasitamol ya isa. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su guji ibuprofen sai da izinin ma'aikacin lafiya. Kada ka sha magani don ka ci gaba da atisaye a kan ciwon.

Akwai ciwon da ba na jira ba ne. Idan ka faɗi a kan tafi, kuma ɗan ramin da ke gindin babban yatsa yana zafi in an danna, mai yiwuwa wani ƙaramin ƙashi ya tsage. Jini kaɗan ke isa gare shi, in ba a ɗaure da filasta ba yakan ƙi haɗuwa. Sau da yawa ba ya fitowa a hoton farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Murzar maɗori ba ta yi masa amfani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 asibitocin Khartum da dama sun lalace, don haka ko babu hoto kusa, je a ɗaure hannun tukuna.

Haka ma in babban yatsa da biyu na kusa da shi suna mutuwa da dare, ko kofi yana suɓuce maka, ko kumburi ya wuce mako biyu, zo asibiti. Yaron da bai gama girma ba kuwa, a kawo shi tun makon farko, domin bakin ƙashinsa bai ƙosa ba.