Karkataccen Akwati: Lissafin da Hadda Ta Ɓata Mana

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa cin darasin lissafi ba zai ƙara zama sharaɗin shiga manyan makarantu ga masu karanta adabi da makamantansa ba, ake ta cece-kuce. Wasu sun yi murna, wasu sun ce an buɗe wa ragwanci ƙofa. Daga baya ma'aikatar ta fayyace cewa kowane ɗalibin sakandare zai ci gaba da zana jarrabawar lissafin. Abin da ya fi damuna a muhawarar shi ne maganar da ake ta nanatawa, wai lissafin siffofi ba ya da amfani sai ga injiniya. To, mu ɗauki siffa ɗaya tak mu gani.

Siffar ita ce akwati mai fuska shida, gefe goma sha biyu, kusurwa takwas, wanda kowace fuskarsa ke da tagwaiyarta a ɗaya ɓangaren, daidai da ita a girma da zubi. Bulo da kwali da ɗakin kwana duk 'yan wannan gida ne, sai dai su a miƙe suke. Danginsu da yawa a karkace suke, kamar an ture su daga sama. Nan ne haddar da muka yi a firamare, tsawo sau faɗi sau tsayi, take ba mu kunya.

Ƙa'idar ba ƙarya ba ce. Matsalar ita ce ba a gaya mana wane tsayi ake nufi ba. A miƙaƙƙen akwati, gefen da ya tashi sama shi ne tsayin, don haka mutum zai shekara yana auna gefe yana dacewa. Da zarar akwati ya karkata, sai su rabu. Gefen ya bi karkata ya yi tsawo, tsayi na gaskiya kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasa da rufi a miƙe sak, yadda igiyar da magini ya ɗaura wa nauyi take sauka.

A ɗauki tarin littattafan rubutu da malami ya jera a kan tebur. A sa tafin hannu a tura su a hankali, kowane littafi ya ɗan zarce na ƙasansa. Tarin ya karkata, amma ba a cire ko shafi ɗaya ba, ba a ƙara ba. Faɗin kowane littafi yana nan, tsayin tarin daga tebur yana nan, saboda haka wurin da ya ci bai canja ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne tsawon gefen da ya kwanta. Amma idan kwali maras komai ne aka danna daga sama har ya karkata, labari ya sha bamban: gefensa ba ya miƙewa, don haka rufinsa ne zai sauko, cikinsa ya ragu. Ƙa'ida ɗaya ce ta warware duka biyun: faɗin ƙasa sau miƙaƙƙen tsayi. Karkata ita kaɗai ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Tsayi ake dubawa.

Ga misali da lambobi. A ce tankin ruwa ne mai ƙasa mita 4 da mita 2, bangonsa na gefe ya karkata, tsawonsa mita 5, rufin kuma ya goce da mita 3. Duk maginin da ya saba daidaita kusurwar gini da awon 3, 4, 5 ya san miƙaƙƙen tsayin mita 4 ne. Cikin tankin kubik mita 32 ke nan. Mai hadda zai ninka da 5 ya sami 40. Bambancin kubik mita 8 ne, wato lita 8,000 na ruwan da babu shi. Sai dai bangon nan biyu da suka kwanta sun fi na miƙaƙƙen tanki cin kaya: murabba'in mita 10 kowanne, a maimakon 8. Ciki ɗaya, amma ƙarfe da fenti sun ƙaru. Dalilin da ya sa miƙaƙƙen akwati ya fi araha ke nan.

Wannan sani ba sabo ba ne. Uƙlidis na Iskandariyya, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tabbatar a littafi na 11 na babban aikinsa cewa irin waɗannan siffofi, in ƙasarsu ɗaya kuma tsayinsu ɗaya, to girmansu ɗaya ne. An mayar da aikin Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. Dabarar kallon abu a matsayin yanka-yanka da aka jera kuwa ana danganta ta ga Cavalieri ɗan Italiya, wanda ya wallafa ta a 1635, ko da yake Zu Geng na ƙasar Sin ya riga shi da fiye da shekara dubu.

Mai son ganin abin da idonsa ya dubi tagwayen benen Puerta de Europa a birnin Madrid, waɗanda aka kammala a 1996. Tsayinsu mita 114, kowanne ya karkata da digiri 15 yana fuskantar ɗan'uwansa. Gefen da ya kwanta ya kai kusan mita 118, amma mai lissafin sararin ofisoshin ciki da 114 zai yi aiki.

Abin ya ma wuce gini. Farar ƙasar da ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe don yin siminti, yawancinta ma'adinin kalsait ne. Idan aka fasa tsantsar ƙwayarsa, gutsattsarin kan fito a siffar karkataccen akwati, a sake fasawa su sake fitowa haka. Wannan ya sa René Just Haüy, wani masani Bafaranshe, ya bayyana a 1784 cewa irin waɗannan duwatsu jeri ne na ƙananan tubala masu siffa ɗaya. Daga baya Auguste Bravais ya nuna cewa salon jerin 14 ne kacal. Gishirin miya miƙaƙƙen tubali gare shi, kalsait karkatacce. Sirrin siffar shi ne ana iya jera ta gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, ba tare da ta bar rata ba. Masu binciken ma'adinai da masu haɗa magunguna da wannan tubali suke fara bayanin tsarin abin da ke hannunsu.

Ni a ganina, hukumomi sun shagala da batun wa zai ci jarrabawa, sun bar batun yadda ake koyarwa. Yaron da aka tilasta wa hadda shekara da shekaru ba tare da ya taɓa siffa da hannunsa ba, ba laifinsa ba ne in ya tsani darasin. Wannan babi ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kwangilar sayen kaya. Abin da ke cikin aji ya isa, in an horar da malami an kuma biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Mu ma da ke wajen aji akwai namu sakacin. Muna biyan kuɗin kankare da tanki da haƙa bisa lissafin da ba mu duba ba. Duk wanda aka kawo wa kuɗin aiki mai karkataccen bango ya tambayi mai awo: wane tsayi ka ninka, na gefe ko na igiya? Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.